Amfilifaya da wufar mota: tambayoyi da amsoshi kan matsalolin da suka fi damun masu sauti

Ka murɗa makulli, rediyo ya kama, sifikun ƙofa suna magana, amma daga but, inda wufa take, wato babbar sifikar bes, shiru kake ji. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ta ƙone. A mafi yawan lokutan da na duƙa a bayan mota ina bin irin wannan matsala, na tarar amfilifayar lafiyarta ƙalau. Laifin yana jikin waya, ko fis, ko wani saiti da aka murɗa fiye da ƙima. Yana yi mini ciwo in ga an jefar da kaya mai kyau an sayo sabo, a ɗaura shi a kan wayar da ta kashe na farkon. Shi ya sa kusan kowace amsa a nan za ka ji ina cewa ka auna tukuna.

Me nake bukata a hannu kafin in fara?

Mita mai auna wuta, wadda ake kira maltimita, ko da ƙarama ce. Sai sukudireba, ɗan samfefa, fis na ajiya mai lamba ɗaya da wanda ke jiki, da ƙaramin batir irin na tocila mai bolt 1.5. Bolt shi ne abin da mita ke nunawa da harafin V. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, in inji ya tashi kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Riƙe lambobin nan biyu, za mu yi ta komawa kansu.

Duk lokacin da za ka kwance wata waya, fara cire kan batir mai alamar ragi. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma sifana da ta haɗa kawunansa biyu tana yin ja cikin ƙiftawar ido.

Amfilifaya ba ta kunnuwa sam, ko fitilarta ba ta kawowa. Ta mutu ke nan?

Kada ka yanke mata hukunci tukuna. A gefenta akwai wurare uku a jere: +12V, da REM, da GND. Na farko shi ne babbar wayar da ta taso daga batir. Na uku shi ne wayar da aka ɗaure a ƙarfen mota, wadda zan riƙa kira wayar bodi. Na tsakiya kuwa siririyar waya ce da ke fitowa daga rediyo, aikinta kawai ta gaya wa amfilifaya cewa an kunna. In ɗaya daga cikin ukun nan ta gaza, amfilifaya ba za ta motsa ba.

Sa mita a kan awon DC. Baƙin tsinke a GND, ja a +12V. Ka ga 12 da wani abu? To wuta tana isowa. Ba ka ga komai ba, sai ka matsar da baƙin tsinken zuwa wani tsiraran ƙarfe a jikin motar. Idan yanzu lamba ta fito, wayar bodi ce mai laifi. Idan har yanzu sifili ne, tafi wajen batir ka duba fis ɗin da ke kan babbar wayar. Kada ka yarda da ido a nan: fis yana iya tsinkewa ta can ƙarshensa inda ba a gani, don haka auna gabansa da bayansa.

Daga nan kunna rediyo ka auna REM. Ya kamata ita ma ta nuna kusan 12. In babu, cire siririyar wayar daga wurinta, ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa +12V da REM na ɗan lokaci. Fitila ta kawo? Amfilifayarka na nan da ranta, siririyar wayar ce ta tsinke ko rediyon ya daina ba ta wuta.

Tana aiki idan ina kan FM, amma da na koma Bluetooth ko USB sai ta ɗauke. Me ya haɗa su?

An yi kuskuren waya a bayan rediyo. Yawancin rediyoyin da ake sayowa a saka suna da shuɗiyar waya zalla, da kuma shuɗiya mai farin layi. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a wasu rediyoyin tana kawo wuta ne kawai idan ana sauraron tasha. Mai farin layin ce ta amfilifaya. Musanya su, magana ta ƙare.

Jar fitilar PROTECT tana kunnuwa. Me take nufi?

Amfilifaya ce ta ga wani abu da zai iya kashe ta, ta rufe kanta. Abubuwan da ke jawo hakan ba su da yawa: zafi, ƙarancin wuta, wayoyin sifika sun taɓa juna ko sun taɓa ƙarfe, nauyin om, wato awon yadda sifika ke tare wuta, ya yi ƙasa da abin da za ta iya ɗauka, ko kuma wani abu ya riga ya ƙone a cikinta.

Lokacin da fitilar ke kawowa shi ne ke nuna hanya. Idan tun daga kunnawa ne, kashe komai, cire wayoyin sifika da wayoyin RCA masu kawo sauti daga rediyo, ka bar ukun nan na wuta kaɗai, ka sake kunnawa. In ja ta ci gaba da ci alhali awon wutar daidai yake, ciwon na ciki ne, galibi tiransistocin fitar da sauti. In ta koma kore, mayar da RCA ka gani, sannan ka mayar da wayoyin sifika ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta dawo da ja ita ce za ka bi. Na sha tarar da gashin waya guda ɗaya tak, siriri kamar zare, ya zame daga maƙalinsa ya taɓa na kusa da shi. Wannan kaɗai ya isa.

Idan kuwa sai bes ya buga da ƙarfi take ɗaukewa, wuta ce ke faɗuwa. Riƙe tsinken mita a kan +12V da GND, wani ya ƙara murya, ka zuba wa lambar ido. Yawancin amfilifayoyi suna ɗaukewa in wuta ta sauko wajen bolt 10. Idan batir na nuna 14 amma a bakin amfilifaya tana gangarowa 11, wutar tana zubewa ne a hanya: waya ta yi siriri, mariƙin fis ya saki, ko wayar bodi ba ta kama ba.

Idan kuma sai an yi minti ashirin ko talatin ana kiɗa sannan ta ɗauke, ta huta ta dawo, zafi ne. Taɓa ta ka ji. Fito da ita daga ƙarƙashin kafet ko kaya, kada a kife ta, a bar mata sarari iska ta zaga haƙarƙarinta.

Kullum ana cewa a duba wayar bodi. Me ya sa take da muhimmanci haka?

Domin duk wutar da ta shiga amfilifaya ta babbar waya, ta nan za ta koma batir. Mutum zai kashe kuɗi ya ja waya mai kauri tun daga bonet har but, sannan ya samo wata guntuwar siririya ya maƙala a ƙarƙashin duk ƙusar da ya fara gani. Kamar ka shimfiɗa babban bututun ruwa ne ka toshe mafitarsa.

Akwai wata mota da ta ba ni wahala kwana biyu. Sauti yana zuwa yana ɗaukewa, musamman in an shiga gargada. An riga an canza amfilifaya sau ɗaya, an canza wufa, matsalar tana nan. Da na ɗaga kafet sai na ga wayar bodin a ƙarƙashin notin kujera, a ɗaure tamau, ko motsi ba ta yi. Na kwance. A ƙarƙashin zoben wayar fenti ne sumul, ko ƙarzane babu, sai wani ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar ido inda wuta ta daɗe tana tartsatsi tana neman hanya. Na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na mayar na ɗaure. Tsohuwar amfilifayar da aka ce ta mutu muka mayar, ta yi aiki lafiya lau.

Ga yadda ya kamata ta kasance. Kaurinta ɗaya da na babbar waya. Gajeriya, kada ta kai mita ɗaya, in ta yi ƙasa da rabin mita ma ya fi. A kan ainihin ƙarfen motar, wanda aka kankare fenti da tsatsa. Bayan an ɗaure a shafa ɗan giris ko fenti a sama saboda tsatsa. Ka guji notin bel ɗin kujera, wannan na kare rai ne, ba a wasa da ɗaurinsa. Kafin ka huda ƙarfe kuma, leƙa ƙarƙashi, tankin mai da bututun birki suna bi ta nan.

Fis yana ta ƙonewa. In sa wanda ya fi shi girma?

A'a, don Allah. Kuma kada ka naɗa masa waya ko takardar ƙarfe. Fis ɗin da ke kusa da batir wayar yake karewa, shi ya sa ake son ya zauna bai wuce santimita 45 daga kan batir ba. In babbar wayar ta goge ta taɓa bodi babu fis, duk tsawonta zai yi ja a ƙarƙashin kafet, motar ce za ta kama da wuta.

Cire babbar wayar daga jikin amfilifaya, ka naɗe bakinta da salatif, ka sa sabon fis. Ya ƙone nan take? Wayar ta goge a wani wuri. Fara da ramin da ta bi daga ɗakin inji zuwa cikin mota, nan ne bakin ƙarfe ya fi yanka ta idan ba a sa mata roba ba. Bai ƙone ba sai da ka mayar da amfilifaya? To tiransistocin ɓangaren wutarta sun haɗe, sai mai gyara. Wanda kuma ke ƙonewa sai ana tsakiyar kiɗa mai ƙarfi, duba lissafin om, za mu zo kansa a gaba.

Fitila kore ce, amma wufa ba ta cewa komai.

Fara da abin da ba ya cin lokaci: a menun rediyo, an kashe fitar wufa ko an sauke ta zuwa ƙasa? Cire batir yakan mayar da saitin rediyo yadda ya fito daga kamfani. Sannan ka gwada wata wayar RCA, ko ka jona wayar salula kai tsaye a bakin amfilifaya da igiyar da ke da RCA a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. In sauti ya fito, matsalar tana tsakanin rediyo da igiya. In bai fito ba, koma kan wufar. Wani lokaci waya ce kawai ta zame a cikin akwati saboda girgiza.

Ta yaya zan gane wufa ta ƙone?

Hanci yakan riga mita. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan wufa, in ya ƙone yana da wani ƙauri mai ɗaci da ba a mantawa, kusantar da hancinka tsakiyar wufar ko ramin akwatin za ka ji. Sai ka buɗe yatsu ka danna faifan a hankali, daidai wa daida ta kowane gefe. Mai lafiya yana shiga ya dawo shiru. Idan ka ji ƙarar gurzawa kamar yashi a ciki, ko ya ƙi motsi, koyil ya kumbura ko ya warware.

Cire wayoyinta daga amfilifaya ka sa mita a kan awon om. Wufa mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da ɗoriya zuwa 4, hakan daidai ne, mita tana nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta. Idan ta nuna OL, koyil ya tsinke, ko ɗaya daga cikin lallausan wayoyin nan biyu da ke tafiya daga maƙali zuwa faifai. Waɗannan ana iya gyara su, don haka duba su da kyau kafin ka fid da rai. In ta nuna kusan sifili, koyil ya haɗe.

Lissafin om ɗin nan yana rikita ni.

Ƙa'ida biyu ce. In ka haɗa wufa biyu kai da kai, wato tarawa da tarawa, ragi da ragi, om yana rabewa biyu: 4 da 4 su ba ka 2. In ka jera su, ragin ta farko ya shiga tarawar ta biyu, om yana taruwa: 4 da 4 su ba ka 8. Wufa mai koyil biyu ma haka take, kamar wufa biyu ce a jiki ɗaya. Mai koyil biyu masu om 4 tana ba da 2 ko 8, mai koyil biyu masu om 2 tana ba da 1 ko 4.

Duk sa'ad da om ya sauka, amfilifaya tana jan wuta da yawa, tana ƙara zafi. Inda aka fi faɗawa rami shi ne haɗa layin fitar sauti biyu na amfilifaya su zama ɗaya, abin da ake rubutawa BRIDGED. A wannan haɗin kowane layi rabin nauyin yake gani. Wufa mai om 4 ta zame masa 2, wanda yawancinsu ke iya ɗauka. Ka sa mai om 2, kowane layi na ganin 1, sai zafi da jar fitila. Auna jimillar a ƙarshen wayar kafin ka ɗaura.

Wufa ta biyu ke nan da ta ƙone mini, kuma amfilifayar ba ta fi ƙarfinta ba. Me nake yi ba daidai ba?

Zan iya cewa GAIN ne tun ban ga motar ba. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin maƙarin murya, suna murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turowa. In ya wuce wurinsa, amfilifaya tana ƙure ƙarfinta tun murya na rabi. Abin da aka ƙara bayan nan ba ya fita da tsabta, kan igiyar sautin ne ke yankewa ya baje, wutar da ke shiga koyil ta ƙaru, motsin faifan da ke sanyaya shi kuma bai ƙaru ba. A kunne za ka ji bes ya daina zagaye, ya koma wani kaushi kamar ana yaga tsumma. A cikin koyil kuwa gam ne ke narkewa.

Ana iya saita shi da mita. Ninka wat ɗin RMS da kake so, wato ƙarfi mai ɗorewa, da om ɗin wufarka, ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimilla. Wat 500 a kan om 2 ya ba da 1000, amsar ita ce bolt 31.6. Wat 300 a kan om 4 kuwa bolt 34.6. Cire wayoyin wufa, kashe BASS BOOST da duk wani ƙarin bes na rediyo, sauke GAIN ƙasa, kai murya kashi uku cikin huɗu, ka kunna sautin gwaji mai zango 50 Hz. Mita a kan AC a bakin fitar sauti, ka riƙa ɗaga GAIN sannu a hankali har lambar ta fito. Ka tsaya a nan. Yi lissafin da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin ƙarfin amfilifaya da na wufa. In bayan haka bugun bai ishe ka ba, kayan ne suka yi maka kaɗan, murɗawa ba za ta ƙara musu ƙarfi ba.

Ina jin wani siririn kuka da ke tashi idan na taka totur.

Kukan altanaita, mai cajin batir, ne ya samu hanyar shiga sauti. Yakan faru idan rediyo da amfilifaya ba su sami bodi iri ɗaya ba, sai ɗan bambancin wutar ya bi ta igiyar RCA. Kashe, zare RCA daga amfilifaya, ka tada inji. Kukan yana nan? Wayar bodin amfilifaya ce, ko ita kanta. Ya ɓace? Ta igiya ko rediyo yake shigowa. Ja wata RCA ta saman kujeru don gwaji. In ya yi shiru, tsohuwar ta lalace ko an kwantar da ita jiki da jiki da babbar wayar wuta. Raba musu hanya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Gyara bodin rediyon shi ma, kuma GAIN da ya yi sama yana ƙara fito da kukan.

Akwai 'yar na'urar da ake sawa a tsakiyar RCA ta yanke wannan kuka. Tana aiki, amma ni sai na rasa yadda zan yi nake sa ta, domin marasa kyau daga cikinsu suna cinye ƙasan bes. Ka kuma daina zarewa ko cusa RCA alhali kaya na kunne, hakan yana ƙona siririyar hanyar bodi a cikin wasu rediyoyi, kuka ya zauna daram.

Fitilun gaba suna lumshewa da kowane bugu. Kafasita za ta magance?

Yi lissafi ka gani. Amfilifaya ajin D, mai mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa sauti, in za ta ba da wat 1000 tana neman wajen amfiya 90. Ajin AB ta fi haka ci. Altanaitar ƙaramar mota gaba ɗayanta ba ta wuce hakan da yawa ba, ga fitilu, ga fanka, ga na'urar sanyaya mota duk suna jira. Kafasita ba ta ƙirƙirar wuta, ajiyewa take ta saki cikin ɗan lokaci, sannan ta dawo tana neman a cika ta. Takan rage lumshewa kaɗan, amma ba ta cike giɓi.

Fara da gwada batir da altanaita. Sannan a ƙara kaurin wayoyi uku: daga altanaita zuwa batir, daga ragin batir zuwa bodi, daga inji zuwa bodi. Duba babbar wayarka ma. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA. Kankare bakinta, in ka ga fari a ciki ita ce. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, don haka sai ta fi kauri kafin ta yi aiki ɗaya. In duk an yi wannan ba ta canza ba, sai babbar altanaita.

Na ƙara wufa ta biyu, bes ya ragu maimakon ya ƙaru.

Ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja. Taɓa ƙaramin batirin nan a wayoyin kowacce, tarawa a tarawa. Faifan ya kamata ya yo waje. Wadda ta shige ciki, juya wayoyinta.

Wufa tana kaɗawa da ƙarfi amma sautin ba daɗi, har da wata ƙara kamar ana tafi.

In akwatinka mai rami ne, yana da zangon da aka tsara shi a kai. Ƙasa da wannan zango iskar akwatin ba ta riƙe faifan, sai ya yi ta lilo a banza har gindin koyil ya riƙa dukan ƙarfe. Makunnin SUBSONIC don wannan aka yi shi, sa shi ƙasa kaɗan da zangon akwatin. LPF kuma, mai tare siririn sauti, fara da 80 Hz, don kada muryar mawaƙi ta riƙa fitowa daga but. In akwatin rufaffe ne, zagaya da bayan hannunka gefen wufar da mahaɗar katako ana kiɗa, za ka ji iska in yana yoyo. Kafin duk wannan ma, sa wani ya dafa lambar mota da murfin but, sau da yawa su ne ke karkarwa.

An rubuta wat 3000 a kwali, amma ba na jin haka.

Dubi fis ɗin da ke jikinta. Fis mai amfiya 30 a kan bolt 14.4 wat 432 ne ke shiga, abin da zai fita a matsayin sauti mai ɗorewa bai wuce 350 ba. Lambar RMS ita ce abin dubawa, MAX da PMPO na talla ne. In ka ga alamar CEA-2006 ko CTA-2006, an auna ta ne a kan ƙa'ida ɗaya da sauran, a bolt 14.4.

Tun da aka haɗa sautin, batir ke mutuwa in mota ta kwana.

Zare makulli ka leƙa but. In fitilar amfilifaya na ci, an jona REM a wayar da ba ta ɗaukewa. Mayar da ita kan mai farin layin nan ta rediyo, ko wayar da ke kawo wuta sai an murɗa makulli.

Yaushe zan haƙura in kai wa mai gyara?

Idan wuta ta cika a +12V da REM, bodi ya kama, ka cire sifika da RCA, amma har yanzu ja ce ko ba ta kunnuwa. Haka in tana ƙona fis da zarar an jona ta, ko ta yi hayaƙi, ko ka ga faifan wufa ya turo waje ya tsaya cak da an kunna. Wannan na ƙarshen alama ce ta wutar DC tana fita ta bakin sifika, kashe nan take, tana iya gasa koyil cikin daƙiƙu. Kada ka buɗe ta da kanka in ba aikinka ba ne, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an cire ta. Ka tafi da lambobin da ka auna a rubuce, ka gaya masa om nawa aka ɗora mata da inda GAIN yake. Ranar da za ka karɓo ta, kafin ka mayar, sake auna wufar da wayoyinta, domin wufar da koyil ɗinta ya haɗe za ta sake ƙona sababbin tiransistocin a kunnawar farko.